Sunan Yankan Ɗan'azumi

A farkon daminar 1952 aka aiko wa Malam Uwaisu takarda daga Zariya. Ana son ɗan littafin tarihi na 'yan aji huɗu, wanda zai ba da labarin ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, kada ya wuce shafi arba'in. Shi aka zaɓa saboda an san shi da tambaya. Shekararsa tara yana koyarwa a elementaren Makarfi, kuma duk tsohon da ya zauna kusa da shi a wurin suna ko jana'iza, da busasshen maƙogwaro yake tashi.

Yana da ƙa'ida guda, wadda ya ɗauko daga zauren alƙali inda mahaifinsa ya yi aikin rubutu: ba ya sa magana a takarda sai ya ji ta daga baki biyu da ba su haɗa kai ba. Matarsa Huseina ta mayar da abin na tsokana.

"Malam, tuwo ya sauka. Ko in kirawo maƙwabciya ta shaida?"

"Bar ta. Hancina ya riga ya ba da shaida."

Babin ganuwa da na kasuwanni ba su ba shi wuya ba. Wanda ya tsaya masa shi ne babi na bakwai, na aikin diga, wato lokacin da Turawa suka shimfiɗa hanyar jirgi daga Zariya zuwa Kano, aka ɗebi mutane daga kowane ƙauye don haƙa da ɗaukar ƙasa. Cikin tsofaffin takardun da aka ba shi aro akwai wata mai ɗauke da sunayen mutum goma daga wani ƙauye da ake kira Gangaren Sada, tsakanin Makarfi da Kudan. Na farko a jerin shi ne Ashafa, ɗan dagacin wancan lokaci. A ƙasa an rubuta cewa goma sun tafi, goma sun komo. Wannan Ashafan shi ne dagacin ƙauyen a yanzu, kuma duk ƙasar an san shi da cewa ɗan sarki ne da ya ɗauki kwandon ƙasa a ka tare da talakawan ubansa.

Ranar wata Asabar Malam Uwaisu ya hau keke ya bi ta cikin gonakin rake zuwa can. Ya zauna da dattawa biyar a gindin tsamiya, duk suka faɗa masa abin da ke cikin takarda. Ya tashi zai koma, yana tura keke ta wani lungu, sai ya ji murya daga ƙofar wani gida da dangarsa ta kwanta.

"Kai ne mai rubuta mutane?"

Tsohuwa ce a kan tabarma tana kaɗi, da mazari da ɗan ƙoƙon alli a gabanta. Ya jingine keken, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa masa gaisuwar duka, har gajiyar hanya da mutanen Makarfi, sannan ta ce sunanta Sabuwa.

"Na ji sun tara ka a gindin tsamiya. Goma suka ce maka, ko?"

"Goma, Iya."

"Goma suka tafi. Tara suka komo."

Ya zauna a ƙasa ya buɗe littafin rubutunsa. Ta ba shi labarin ba ta daina murza mazari ba. Tana da ɗa, na fari, wanda ake kira Ɗan'azumi, shekararsa kamar goma sha bakwai, ubansa ya rasu. Ranar da za a tafi aikin diga, dagaci ya aiko a ba shi yaron ya riƙe wa Ashafa kaya, tafiyar yini guda, ya juyo. Ta ba shi dumame da ƙuli-ƙuli na kwana ɗaya. Da suka kai mararraba, aka karkatar da Ashafa zuwa Paki wurin dangin uwarsa, aka ce wa Ɗan'azumi daga yau in an kira Ashafa shi zai amsa. Wata na uku gefen wani rami ya rufto a kansa. Da sauran taran suka juyo, Ashafa ya tare su a wannan mararrabar, suka shigo gari su goma. Aka ce wa mutane Ɗan'azumi ya yar da kaya a hanya ya shiga duniya.

"Wa ya gaya miki, Iya?"

"Ya'u. Tare suke ɗaukar kwando. Ya zo nan ya faɗa mini yana kuka, ya ce in na buɗe baki za a kore shi daga gonarsa."

"Ina Ya'un?"

"Bara aka kai shi. Shi ne na ƙarshensu." Ta lakaci alli ta goga a yatsu. "Har gobe in yaro ya ƙi zuwa gona a garin nan, sai uwarsa ta ce za ka zama Ɗan'azumin Sabuwa. A kan kunnena suke faɗa. Ba mugunta ba ce, sun ma manta da cewa mutum ne."

Malam Uwaisu ya rubuta har fensirinsa ya dakushe. Sannan ya ce, "Iya, mene ne sunansa na yanka?"

Mazarin ya tsaya.

"Kai ba Bahaushe ba ne? Ko bokon ne ya cinye maka kunya? Uwa ta faɗi sunan ɗanta na fari?"

Ya sani sarai. Shi ma ɗan fari ne, kuma har uwarsa ta rasu bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Amma ya yi mata bayani cewa a ajinsa kaɗai akwai Ɗan'azumi uku, a kowace unguwa akwai wanda aka haifa da azumi. In ya rubuta haka kawai, bai rubuta kowa ba. Ya tambaya ko akwai wanda ya san sunan. Ta ce uban ya mutu, malamin da ya raɗa sunan baƙo ne mai wucewa, kuma tun ranar suna ba wanda ya ƙara kiran yaron da shi, don ya yi wa mutanen ƙauye tsawo.

"To, bari in riƙa jero sunaye, in na zo kansa ki ɗaga kai."

"A'a. Shekara arba'in ana cankar inda yarona ya tafi. Ba za a canki sunansa ba." Ta dube shi. "In na faɗa, zai shiga littafin?"

"In Allah ya yarda, Iya."

"Ba irin ta 'yan kasuwa nake tambaya ba. Zai shiga?"

Baki ɗaya kawai yake da shi, kuma ya san haka. Amma labarin ya riga ya kama shi, yana ganin shafin a idonsa, yana jin yara suna karantawa. Ya ce, "Zai shiga."

Sabuwa ta ajiye mazari. Ta juya ta fuskanci danga, ta ja gefen zanenta ta rufe fuska. Ta daɗe a haka, har ya zaci ta fasa. Sannan ta faɗa, a hankali, harshenta yana tuntuɓe kamar na mai koyon karatu.

"Zainulabidin."

Bai ce ta maimaita ba. Ya rubuta, ya yi mata sallama, ba ta juyo ba har ya fita daga lungun.

Sati biyu yana neman baki na biyu. Ya je Paki, ya tarar dangin uwar Ashafa da suka san zamanin duk sun ƙare. Ya koma wurin dattawan tsamiya ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce shi yaro ne a lokacin. Mutum ɗaya ya rage a duniya wanda ya san abin da aka yi a mararraba.

Dagaci Ashafa ya karɓe shi a zaure bayan la'asar. Dattijo ne mai jiki, mai son raha, gwiwoyinsa sun kumbura har sai ya miƙe ƙafa a kan buzu.

"Malamin yara! An ce kana bin tsofaffi kana kwashe musu abin da ke ciki. Ni me ka rage mini?"

"Ranka ya daɗe, babbar ƙwarya na bari a ƙarshe."

"Ji ɗan boko da daɗin baki. Zauna."

Suka taɓa zancen ruwa da na rake. Malam Uwaisu ya kawo zancen diga, dagaci ya ba shi labarin da ya saba bayarwa, na zafin rana da nauyin kwando. Da ya gama, Malam Uwaisu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai wani Ɗan'azumi."

Dagaci ya dubi mutum biyun da ke zaune a bakin ƙofa. Suka tashi suka fita. Ya daɗe yana shafa gwiwa.

"Akwai magana," in ji shi. "Amma amana ce. Ka karɓa?"

Daga baya Malam Uwaisu ya sha komawa kan wannan lokaci. Ya san yadda ake yi: mai hankali yakan ce a bari ya ji irin nauyinta tukuna, ko ya ce ba zai iya ba, a bar maganar. Amma sati biyu yana yawo a kan keke don jin abin da ke bayan wannan tambaya. Ya ce, "Na karɓa."

Dagaci ya faɗa masa duka, kuma bai bambanta da na Sabuwa ba ko kaɗan. Ya ƙara abin da ita ba ta sani ba: cewa a mararraba ya tuɓe rigarsa ya ba yaron, don a ga alamar ɗan sarki, cewa ya yi wata uku a Paki yana cin tuwo da man shanu, cewa ranar da ya tare su ya ƙirga tara, ba wanda ya ce masa komai, shi ma bai tambaya ba.

"Shekarata goma sha takwas. Ubana ya ce in bi ta nan, na bi. Kowace kaka ina aika mata da dawa, ba ta taɓa godiya ba, ban taɓa jin haushi ba." Ya ja dogon numfashi. "Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai kai. Wallahi har na ji ƙirjina ya yi sauƙi."

"Ranka ya daɗe, ka yi mini izini in rubuta."

"Rubuta mana. Alƙalaminka ne. Amma ba daga bakina ba."

"Ba za a karɓa ba sai da shaida ta biyu."

"To, ka ga ni ban san dokokinku na boko ba."

"Tsohuwar nan ta kusa tafiya. Ana yi wa ɗanta gori a kan abin da bai yi ba."

"Jikokina huɗu suna makarantarka, Malam. Kana so su tashi a gaban aji su karanta cewa kakansu ya ɓuya a ɗakin mata, wani ya mutu da rigarsa?" Bai ɗaga murya ba. "Ban ce maka sai bayan raina ba. Amana na ce, ka ce ka karɓa."

A hanyar komawa Malam Uwaisu ya sauka daga keke ya riƙa turawa, ko da yake hanyar ba ta da laka. Abin da ya kasa rabewa shi ne ko dattijon dabara ya yi masa, ya ɗaure masa baki da gangan, ko kuwa da gaske mutum ne da ya gaji da ɗaukar abu shi kaɗai. Ya ga kuma ba lalle ne ɗaya ta kore ɗaya ba.

Duk da haka ya rubuta babin yadda abin ya faru. Ya sa sunan a tsakiyar shafi, ya ja masa layi.

Kafin littafi ya tafi maɗaba'a sai ya bi ta hannun Malam Sama'ila, babban malami mai zagayen duba makarantu, wanda ya koyar da Malam Uwaisu kansa a da. Ya zo Makarfi ranar da ake ruwa tun safe. Suka zauna a ɗan ofishin makaranta, rufin kwano yana ƙara, Malam Sama'ila yana bin shafuka da jan fensir. A babi na bakwai ya cire tabarau.

"Uwaisu, wannan fa?"

"Gaskiya ce, Malam."

"Ban ce ƙarya ba ce. Wa ya faɗa?"

"Uwar yaron."

"Ɗaya. Na biyun?"

Malam Uwaisu ya dubi taga.

"Kai ne ka ishe mu da baki biyu, baki biyu, har ana yi maka waƙa a Zariya. Ga takarda ta ce goma sun komo. Ga dattawa biyar, da hannunka ka rubuta sunayensu. A ɗaya gefen ga tsohuwa guda wadda ɗanta ya gudu, tana son a ce bai gudu ba. Ko ni ne ita haka zan ce. Kana so in kai wa Bature wannan, a buga, a raba wa yara, a kan dagaci mai rai? In kana da wani, faɗi. Ko a kunne ka raɗa mini, ni zan tsaya maka har gaban hakimi."

Ya san Malam Sama'ila zai tsaya ɗin. Kalma ɗaya ce. Ya auna ta: ya yi wa Sabuwa alkawari, ya karɓi amanar Ashafa, kuma dole ɗaya ta karye a cikin wannan ɗaki. Alkawarin ne ya riga. Amanar kuma an ba shi ita da sunanta, ya amsa da bakinsa. Wanda ya ba shi amanar shi ne mai laifi. Amma bai taɓa jin malamin da ya ce amanar mai laifi ba amana ba ce. A ƙarƙashin wannan duka akwai wani abu da bai so ya duba ba: Ashafa yana da zaure da mutane da kunnen hakimi, Sabuwa tana da mazari. Da a ce ita ce ta ba shi amanar, shi kuma dagaci aka yi wa alkawarin, wanne zai riƙe? Bai sami amsar da ta kwantar masa da rai ba.

"Babu na biyu," in ji shi.

Jan fensir ya bi ta kan shafin daga kusurwa zuwa kusurwa.

"To, Malam, a cire Ashafa ma. A ce mutanen ƙauyuka sun yi aikin diga, shi ke nan."

"Saboda me? Shi yana da takarda, yana da baki biyar. Ka cire wanda ke da shaida don wanda ba shi da ita?" Malam Sama'ila ya mayar da tabarau. "Yara suna son suna, Uwaisu. In ba suna, ba sa riƙewa. Gyara mini shi yanzu, da hannunka, in wuce da shi."

Ya gyara da hannunsa.

Littafin ya iso bayan kakar shekara mai bi, da koren bango, da sunan Malam Uwaisu a gaba. Huseina ta ɗauka ta juya shi, ta ce ashe duk yawon keken nan abin bai fi faifai nauyi ba. Da ta ga bai yi dariya ba, ta ajiye ta fita. Ya yi sati uku yana cewa gobe zai je Gangaren Sada. Abin da ya tashe shi shi ne lissafin da ya yi cewa saura kwana goma aji huɗu su kai babi na bakwai, kuma akwai yaran ƙauyen a ajin, waɗanda za su koma gida suna rera shafin da ka, yadda yara ke yi.

Ya same ta da hantsi a wuri ɗaya, amma babu mazari. Idonta ya yi fari. Ta gane muryarsa tun daga sallama.

"Ɗan nan, ka daɗe. Na ce ko an mayar da kai wani gari."

Ya sa mata littafin a hannu. Ta shafa bangon, ta kai hanci ta shinshina, ta buɗe shi a juye.

"Yana ciki?"

"Bari in karanta miki, Iya."

Ya karɓa ya buɗe shafin. Ba ta iya karatu ba, ba ta ma gani. Zai iya sa sunan a tsakanin kalma biyu, ta ji, ta yi masa addu'a, wataƙila ma ta rasu kafin yara su kai babin. Ya ga inda sunan zai zauna daidai. Ya yi ta kallon wurin. Sannan ya karanta abin da aka buga: cewa a shekarar 1911 aka shimfiɗa hanyar jirgi, cewa mutanen ƙauyuka sun yi aiki mai wuya, cewa daga Gangaren Sada mutum goma suka tafi, Ashafa ɗan dagaci yana gabansu, kuma Allah ya komo da su lafiya.

Ya mayar mata da littafin a hannu.

"Ci gaba," in ji ta.

"Ya ƙare, Iya."

Ta karkata kai kamar mai sauraron wani abu daga nesa.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni."

"Hana ka aka yi?"

Ya so ya ce mata e. Ya ce, "An tambaye ni shaida ta biyu, ban kawo ba."

"Babu ne?"

Ya sunkuyar da kai. Ta jira, sannan ta gyaɗa kai a hankali, ta miƙa masa littafin da hannu biyu.

"Abin da na faɗa maka ranar nan, ina ka sa shi?"

"Yana cikin littafin rubutuna."

"Kana tare da shi?"

Ya ciro shi daga aljihu, ya nemo shafin, ya yage a hankali. Ta karɓa, ta ninka shi har ya zama kamar laya, ta ƙulle a bakin zanenta, ƙulli biyu.

"Wa ya gani bayan kai?"

"Mutum ɗaya. Malamina."

"Ya riƙe?"

"Ban zata ba."

"To, madalla. Kai ma kada ka ƙara faɗa, ko kai kaɗai ne a ɗaki. Ba naka ba ne."

"Iya, ki gafarce ni."

"Ban san abin da zan gafarta ba, Malam. Kai ka tambaya, ni na faɗa. Ni ce babba." Ta lalubi sandarta ta dogara ta miƙe. "Ka gaida mutanen gida. Ka bi a hankali, an ce gadar rafi ta zube."

Ta shiga ciki. Ya tsaya a lungun da littafin a hannu har wata mata ta zo wucewa da tulu, ta ce ya gyara mata kekensa.

Ranar Litinin ta sama aji huɗu suka kai babi na bakwai. Ya rubuta shafin a allo, ya sa suka karanta sau uku tare. Da ya tambayi wanda ya shige gaban mutanen Gangaren Sada, kusan duk ajin suka ɗaga hannu. Ya zaɓi ɗaya, aka ba shi amsa, ya ce daidai ne.